Wanda Ya Faɗi Suna

Mu 'yan mishan ne, amma ba mu taɓa haye teku ba. Aikinmu yana bakin wani tafki ne a arewacin Saskatchewan, a sansanin da ake kawo yara lokacin dogon hutu, su yi mako guda suna iyo, suna waƙa, suna jin Bishara. Ni ce mai girki. Mijina Arlen shi ne mai gyara: famfo, janareta, ƙofar da ta ɓalle, kwalekwalen da ya huje. Shekara ashirin da biyu muka yi a can. Ban yi karatu mai nisa ba, a aji takwas na tsaya, don haka zan faɗi abin ne kawai yadda ya faru.

Akwai doka ɗaya a sansanin da ta fi kowace ƙarfi, kuma ba a cikin Littafi Mai Tsarki take ba. Kowane ma'aikaci yana da sunan sansani, ba a kiran sunansa na gaskiya a gaban yara. Ni ce Mama Ludayi. Arlen shi ne Guduma. Shugabanmu, Fasto Delbert Unrau, shi ne Kyaftin. Yara sai su yi mako guda suna bin ka da roƙo, suna miƙo maka alewa, suna leƙa bangon Littafinka ko ka rubuta suna a ciki. Ba a faɗa musu, ko ranar tafiya. Ma'aikacin da bakinsa ya suɓuce ya kira sunan wani kuwa, hukuncinsa ɗaya ne. Yara su hau buga tebur suna “Tafki! Tafki!”, a ɗauke shi cak da tufafinsa da takalmansa, a kai shi ƙarshen gadar katako da ta miƙe cikin tafkin a jefa shi ruwa. Ba a taɓa yafe wa kowa ba. Kyaftin kansa sau biyu ana jefa shi, ɗaya har da agogonsa. Ni ma na yi dariya ranar, har da riƙe ciki.

'Yarmu ɗaya ce, Corinne. A ƙarƙashin teburin kicin ɗina ta koyi rarrafe. Da yake ni Ludayi ce, sai ake ce mata Cokali, kuma tun tana shekara tara take jin haushin sunan.

“Mama, sai yaushe zan daina zama cokalinki?”

“Ran da kika iya wanke shi.”

Bazarar da ta cika goma sha bakwai aka ba ta ɗaki, ta zama yayar ɗaki mai kula da 'yan mata takwas. A makon shiri, kafin yara su fara zuwa, ma'aikata suka taru suka raɗa mata suna. Ba ta iya tafiya ba, sai gudu, ka gan ta nan, ka gan ta can, sai suka ce Tsattsewa, tsuntsun nan mai saurin tashi. Arlen ya yanko reshen farin itacen nan na bakin tafki, ya yanka shi fale-fale kamar faɗin tafin hannu, ya gasa ƙusa a wuta ya ƙona sunan a kai harafi bayan harafi. Ya huda shi ya zura igiyar fata. Ko wanka za ta yi ba ta cire allon nan daga wuyanta.

A makon shirin ne kuma kowace yayar ɗaki take rubuta kati ga duk yaran da za su zo mata har ƙarshen hutu, a aika musu gida, don kada su iso suna jin tsoro. Corinne ta zauna a kicin ta rubuta sittin da huɗu. A ƙasan kowanne ta sa “Ina jiranki. Tsattsewa,” ta zana ɗan tsuntsu mai wutsiya biyu.

Ranar Laraba ta mako na uku ta shigo kicin tana dafe da gefen ciki.

“Mama, cikina.”

“Alewar yaranki kika kwashe, ko?”

“Ko abincin safe ban ci ba.”

Ina da dankali buhu guda a gabana. Na dama mata soda a ruwa ta sha, na cika robar ruwan zafi na ce ta ɗora a wurin. Washegari Alhamis, ranar da ake kiran yara su ba Yesu ransu. Ta tambayi Kyaftin ko za ta ɗan kwanta. Ya dafa kanta yana murmushi ya ce, “Shaiɗan ya san kalanda, Tsattsewa. Kullum ranar Alhamis yake raba ciwon ciki.” Ta yi dariya ta koma wurin yaranta. Na sake cika mata robar.

Ranar Jumma'a da safe ta faɗi a gindin sandar tuta. Arlen ya sa ta a bayan mota, na rungume kanta a cinyata, awa biyu muna bin hanyar tsakuwa zuwa gari. Likita ya ce afendis ne ya fashe, dafin ya riga ya bi jiki. Ya tambaya wa ya ɗora mata abu mai zafi a ciki. Na ce ni ce. Sai ya rubuta a takardarsa. Da safiyar Asabar ta tafi.

Nas ta miƙa wa Arlen wata jakar leda mai kayanta. Muka kai ta kudu, ƙauyen su Arlen, muka binne ta ranar Laraba a bayan cocin da aka ɗaura mana aure. Kafin a rufe akwatin na nemi allon sunanta in sa mata a wuya. Ba ya cikin jakar.

“Arlen, ina allon?”

“Na ajiye shi wuri mai kyau.”

Na ɗauka so yake ya riƙe abin da hannunsa ya yi. Na ƙyale shi.

Washegari ya fara loda kaya a mota. Na ce ina za mu. Ya ce, “Yara ɗari da goma, Loretta. Matar Fasto ce ke girki, tun Lahadi makaroni suke ci.” Ban yi gardama ba. Gaskiya ni ma na fi son in tsaya gaban murhu da in zauna a falon surukata ana kawo mini kofi ana kallona.

Mako na huɗu na ƙanana ne, 'yan shekara takwas da tara, yawancinsu zuwan farko. Da safiyar Jumma'a ina tsaye a tagar raba abinci ina miƙa fanke, sai na ji muryoyi a bayan zauren cin abinci.

“Tsattsewa! Tsattsewa, zo ki zauna kusa da ni!”

Na juya. Ba zan ɓoye ba, na juya ne ina tsammanin ganinta. Jikina bai riga ya san ta mutu ba.

Rhonda Wiebe ce. Yarinya ce 'yar shekara goma sha takwas da ke wanke mini kwanoni tun farkon bazara, sunanta na sansani Gyaɗa. Ta so a ba ta ɗaki, aka ce ba ta kai ba tukuna. Ga ta nan yara takwas sun rataye a jikinta, ga allon 'yata a wuyanta, da tabon nan na gefe inda ƙusar Arlen ta zame. Da muka haɗa ido sai ta sa hannu ta rufe allon.

Na ajiye farantin. Na aika a kira mini Kyaftin da Guduma ɗakin ajiya, cikin buhunan fulawa. Kyaftin ya shigo ya ja ƙofa.

“'Yar'uwa Loretta, da ma ina so mu zauna. Na so ki ɗan huta tukuna.”

“Fasto, me allon 'yata ke yi a wuyan Rhonda?”

Ya waiga ƙofa saboda na faɗi suna. Ko a ranar, sai da ya waiga.

“Zauna ki ji. Ranar Lahadi bas ta tsaya, yara takwas suka sauko, kowace riƙe da kati. Akwai wata 'yar ƙarama, gida huɗu aka yi ta yawo da ita wajen riƙo, da katin take kwana tun watan Yuni. Ta sauko tana tambaya, ina Tsattsewa? Me zan ce mata? In ce ta mutu jiya? Kafin magariba sansanin nan kuka ne kaf, gobe iyaye su fara waya, jibi bas ta dawo ta kwashe su. Da yawansu ba za su sake jin sunan Yesu ba sai a bakin mai zagi.”

“Sai ka yi musu ƙarya.”

“Ban yi ƙarya ba. Sunan sansani riga ce, wani ya cire wani ya sa. Kin san jiya yara nawa suka ba da ransu a ɗakin Tsattsewa? Biyar cikin takwas. Wannan girbin 'yarki ne. Ita ta shuka da katinta.”

“'Yata tana da suna.”

“Na sani.”

“To faɗe shi.”

Ya sake kallon ƙofa. “Akwai yara a zaure, 'yar'uwa.”

Na juya wajen Arlen. Yana tsaye yana murza hularsa.

“Kai ka ba su.”

“Fasto ya zo asibiti ranar Asabar da rana, kina wajen gawa. Ya roƙe ni. Na ga kamar ita ma da haka za ta so.”

“Ko sanyi jikinta bai gama yi ba, Arlen.”

“Suna ne kawai, Loretta.”

“Kai ka ƙona shi da hannunka.”

Ya ci gaba da murza hularsa. Kyaftin ya kama hannuwanmu ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙa mini haƙuri da zuciyar baiwa. Ya ce gobe yaran nan za su tafi, sai mu sake shawara. Na san babu wata shawara. Akwai sauran kati talatin da biyu a gidajen mutane.

Da hantsi Rhonda ta shigo kicin ta ƙofar baya, idanunta jawur.

“Mama Ludayi, ni ban nema ba. Cewa aka yi in taimaka.”

“Na ji.”

“Kullum sai na yi kuka in sun yi barci.”

Na ga bayan hannunta da tawada. Ɗan tsuntsu ne mai wutsiya biyu, an zana shi sau uku, na ƙarshen ya fi kyau.

“Wannan fa?”

Ta ɓoye hannun a baya. “Suna ta cewa in zana musu irin na katin. Dole na koya.”

Na ce ta je, yaranta na jira.

Abincin rana miyar tumatir ce da gasasshen biredi mai cuku. A sansanin in an kusa gama ci, yara kan zaɓi ma'aikaci su yi masa waƙa, dole ya tashi ya zaga zauren yana kwaikwayon sunansa. Sau uku na ga Corinne ta yi wannan zagayen, ƙafarta kamar ba ta taɓa ƙasa. Ranar nan sai teburin 'yan mata ya ɗauka:

“Tsattsewa tashi, Tsattsewa tashi, zaga mana gida!”

Rhonda ta kalli tagar kicin. Ta kalli Kyaftin. Sai ta miƙe ta buɗe hannuwa tana kaɗawa, ta fara gudu tsakanin tebura, allon yana bugun ƙirjinta.

Ban san lokacin da na fito ba. Na ga kaina a tsakiyar zaure da ludayi da murfin tukunya, ina bugawa. Haka nake yi in zan sanar da akwai ƙarin abinci, don haka nan da nan suka yi tsit suna jira.

Na shirya maganata, gajeriya ce. Zan ce: Tsattsewa sunanta Corinne, 'yata ce, ita ta rubuta muku kati, ta mutu ranar Asabar, wannan ba ita ba ce. Shi ke nan abin da nake so. A sani ta taɓa rayuwa, a sani ta tafi.

Na ce, “Ku saurara. Tsattsewa, sunanta Corinne...”

Iyakar abin da na samu faɗa ke nan. Shekara goma sha bakwai ina cikin sansanin a lokacin, amma ranar na manta dokar.

Zauren ya fashe. Yara ɗari da goma suka hau buga tebur da kofuna da cokula. “Tafki! Tafki! Tafki!” Wasu suka hau kan benci. Wani yaro mai giɓi yana tsalle yana ihu, “Mama Ludayi ta yi ɓaram-ɓarama! Yau miya za ta sha ruwa!” Tun Lahadi suke jiran wani ya faɗi suna, ga shi an ba su mai girki ɗungurungum.

Na ɗaga hannu, na buga murfin, babu mai ji. Ma'aikata kuwa ba wanda ya motsa. Duk sun san inda na kwana ranar Laraba. Suka sunkuyar da kai, wata ta toshe baki.

Kyaftin ya miƙe. Usur yana rataye a wuyansa, busa ɗaya zai sa zauren ya yi shiru, na gani sau dubu. Ya riƙe usur ɗin a hannu. Ya dube ni, ya dubi yaran. Na ga yana auna abin a ransa. Sai ya saki usur ɗin, ya buɗe hannuwa ya yi wa yaran murmushin nan nasa.

“Doka doka ce!”

Ihu ya ƙaru. Har yanzu ba wanda ya taso, sai ya ce, “Guduma, taka ce. Kai za ka riƙe kafaɗa.”

Arlen ya zo. Ya zura hannuwansa ta ƙarƙashin hammatata, ya kawo bakinsa kusa da kunnena. “Ki bari a gama kawai. Kada ki tsorata yara.” Kyaftin da kansa ya kama ƙafafuna. Ni ba ƙaramar mace ba ce, sai da wasu biyu suka tallafa.

Aka fito da ni kwance ina kallon sama, yara na biye suna tafi. Daga zaure zuwa gada taku ɗari biyu ne. Duk tsawon hanyar ina ihu, “Ta mutu! Ta mutu!” Amma kowa in an ɗauke shi ihu yake yi, cikin wasan ne. Wata yarinya da ke gudu a gefena ta juya ta gaya wa na baya, “Ta ce wai za ta mutu!” Suka kwashe da dariya. “Ba za ki mutu ba, Mama Ludayi, ruwan iya ƙirji ne!”

A ƙarshen gada suka lilo da ni. Ɗaya. Biyu. Uku.

Ruwan tafkin nan ko a tsakiyar bazara sanyi gare shi kamar wuƙa. Na nutse, rigar girkina ta rufe mini fuska. A can ƙasa babu ihu, babu waƙa. Tun ranar Asabar ban samu wuri mai shiru kamarsa ba, sai na ɗan daɗe. Daga baya jiki ya ƙi, na miƙe. Takalmina ɗaya ya maƙale a laka, yana can har yau.

Da na fito bakin ruwa suna ta tafi. Arlen ya tsaya a kan gada yana kallon hannuwansa. Wata 'yar siririya mai gajeren gashi ta rugo da tawul ta miƙa mini. Kati ya leƙo daga aljihun wandonta, duk ya yi laushi don riƙo.

“Na gode, Mama Ludayi,” in ji ta. “Tun Lahadi nake roƙon Tsattsewa ta faɗa mini sunanta, ta ƙi. Yanzu na sani.”

Ta juya da gudu ta nufi Rhonda. “Corinne! Corinne, jira ni!”

Sauran bakwai ɗin suka ɗauka. Corinne, Corinne. Suka kewaye ta suna jan rigarta. Rhonda ta yi fari fat. Ta nemi Kyaftin da ido. Ya gyaɗa mata kai, kaɗan.

Ta ce, “Na'am.”

Ina tsaye ruwa na zuba daga gashina. Da safe suna ɗaya suka ɗauke mini. Na biyun ni na miƙa musu da bakina.

Na shiga na canza kaya, na ɗora abincin yamma. Ranar Asabar bas ta cika, yara suka leƙo ta taga suna ɗaga hannu. “Sai wata shekara, Corinne! Muna sonki, Corinne!” Ina jin su daga kicin. Na kashe famfo don in ji da kyau. Tun da aka rufe kabarin ba wanda ya kira sunan da ƙarfi haka.

Yara ba sa riƙe sirri. Na mako na huɗu suka gaya wa yayyensu na mako na biyar, kafin bazara ta ƙare kowa ya san Tsattsewa sunanta Corinne. Rhonda ta yi bazara uku da allon a wuyanta, sannan ta yi aure ta koma yamma da shi. Ban roƙe ta ba, ita ma ba ta kawo ba. Mu kuma muka ƙara shekara biyar a can. In an tambaye ni dalili ba ni da amsa mai kyau. A nan ta yi rarrafe, ban san wani wurin da zan je ba. Arlen ya rasu shekaru shida da suka wuce. Daga ranar gadar nan har ya mutu ban ji sunanta a bakinsa ba. In dole ta kama sai ya ce “yarinyar.”

Da sanyi ya shiga a shekarar farko, wasiƙu suka fara zuwa. Yaran suna rubuta “Corinne, Sansanin Yara” a bayan ambulan, su aika ofishin mishan. A rajistar ofishin kuwa Corinne ɗaya ce tak, mai adireshinmu, kuma ba wanda ya tuna ya soke ta. Sai su turo gidanmu.

Ta farko na karanta ta har ƙarshe. Daga 'yar siririyar nan ce. Ta ce an sake canza mata gida, ta ce tana addu'a kullum yadda aka koya mata, ta ce, kin tuna da kika yi mini kitso ranar da aka jefa mai girki a ruwa? Ba 'yata take yi wa magana ba. Daga nan ban sake karanta wata har ƙarshe ba.

Suna nan cikin gwangwanin biskit a saman firij. Wani lokaci in gidan ya yi mini shiru da yawa, sai in sauko da shi in zaro ɗaya. In buɗe ninki na farko kawai, inda aka rubuta “Zuwa ga Corinne.” In karanta wannan da ƙarfi, in mayar.